Gauraka Ta Yi Sheƙa a Kacalar da Za Mu Ƙone

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyar masu lambu ta fadamarmu, Matameye.

Gauraka ta dawo! Biyu ne, mace da namiji, sun yi sheƙa cikin ciyawar kacala ta gefen gabas, ƙasa da lambuna. Ƙwai uku na gani da idona. Alhaji, ka yafe mini, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan damina tana ƙarewa lafiya.

Na rubuto a fili ne domin sau biyu ina zuwa ƙofar gidanka. Ran Lahadi aka ce ka tafi Ɗan Barto. Ran Talata na same ka cikin jama'a, ina fara magana aka bushe da dariya, wani ya ce tsufa ya mai da Idi lauyan tsuntsu. Kai ma ka yi murmushi, ka ce a bari sai an natsu. Ga shi gayyar ƙona kacala Alhamis mai zuwa ce, ƙwan kuwa ba su ƙyanƙyashe ba.

Na ɗaya. Ban ƙi gayyar ba, ni ma na ɗaga hannu ranar taro. Kacala ta cinye bakin tabki, ta toshe hanyar ruwa, tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi na kwana cikinta. Amma ranar da muka yanke shawara babu wanda ya san da sheƙar nan.

Na biyu. Da furfurata na shiga makarantar manya ta yamma, kuma tun da na iya riƙe alƙalami nake rubuta tsuntsayen ruwan da na gani a wani kaye, wato littafin rubutu. Shafukan farko cike suke: jinjimi, zalɓe, kirinjijiya, da zakaran ƙeƙuwa mai tare mutum da ihu. Na baya-bayan nan kusan balbela ce kaɗai. Injinan ban ruwa sun yi yawa, har da nawa, tabki yana ƙafewa tun sanyi bai wuce ba. Gauraka kuwa ban taɓa rubuta sunanta ba sai makon jiya. Rabona da ita tun ina saurayi. Jikokina, in na ba su labarin dogon tsuntsu mai tukkun zinariya da ke rawa da matarsa, cewa suke Kaka ya fara tatsuniya da rana. Shekaranjiya na kai su. Sun gani da idonsu.

Na uku, shi ne ya fi damuna. Kwana huɗu na ɓoye labarin, domin na san ana kama 'ya'yan gauraka a kai gidajen manya, a yanke musu fiffike, su ƙare rayuwa a tsakar gida. In na yi shiru wuta ta ci sheƙar, in na faɗa masu kamu su ji. Daga baya na ga abin da gari duka ya sani ya fi wuyar ɗauka a ɓoye.

Roƙona ke nan. A bar kacalar daga gindin giginya zuwa tsohuwar rijiya har 'ya'yan su tashi. Sauran da ke kusa a yanke da lauje, kada a sa ashana, domin iska ba ta san iyakar da muka shata ba. Ruwan lambuna ta wannan kusurwa yake bi, saboda haka albasata ce za ta makara bana, ba ta wani ba, kuma na yarda. A kuma sanar da ma'aikatan gandun daji su zo su gani. Ina roƙon amsarka kafin Laraba, tun ba a gaya wa masu gayya inda za su fara ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama shugabancin nan lafiya.

Kai da duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, ku zo gobe da hantsi. Ku tsaya a gindin giginya, ban da kare, ban da danƙo, ban da hayaniya. Ku taho da yara. Wanda ya kira ni lauya ma ya zo, na ajiye masa wuri a kan tabarmata.

Wassalam.

Idi mai albasa