Aurenmu Ya Maƙale a Kan Kyanwa Biyu da Kare Biyu

Malama Corinne,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani, domin a 'yan kwanakin nan har butar shayi na daka wa tsawa. Shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa zaton zan rubuto wa jarida a kan maganar aure ba, balle auren da kyanwa da kare suka tsaya wa a maƙoshi.

Ina zaune a Mesquite Bend, ɗaya daga cikin unguwannin nan na 'yan ritaya da ke bayan Phoenix, inda ba a sayar wa mutum gida sai ya haura hamsin da biyar. Ni da marigayi mijina muka taso daga Toledo saboda sanyi ya fara cin gwiwoyinsa. Bai jima yana shan ranar da ya zo nema ba Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ni da gida da kyanwoyi biyu, Tilly da ɗan'uwanta muzuru, Otis. Su ne suka sa na riƙa tashi daga gado a shekarar farko, don ko ba na son ganin kowa, dole in tashi in buɗe musu gwangwanin abinci.

Bara na haɗu da Wendell a ɗakin jiran likitan dabbobi. Ƙaramin karensa, Biskit, ya zo ya yi fitsari a kan takalmina, shi kuma ya yi ta ba da haƙuri har kunnuwansa suka yi ja, daga nan aka fara gaisawa. Mutumin Minnesota ne, gyaran tarakta ya yi duk rayuwarsa, matarsa ta rasu shekarun baya. Ba shi da yawan magana, amma tun da muka saba babu famfon da ya ƙara ɗiga a gidana. Ban da Biskit, wanda bai kai girman burodi ba amma haushinsa ya fi jiniyar motar kashe gobara, yana da Manjo, wani ƙaton tsohon kare mai sanyin hali, idanunsa sun fara mutuwa, tafiya yake kamar yana taka ƙwai. Muka sa ranar aure ƙarshen Maris, kafin zafi ya sauko, a kan Wendell zai sayar da gidansa ya dawo nawa tunda kicin ɗina ya fi faɗi.

Ƙawata Phyllis, wadda muke waƙa tare a coci kuma ita ce shugabar kwamitin unguwa, ita ta fara ɓata min murna. Ta tsayar da 'yar motarta ta golf a ƙofar gidana, ta rungume ni, ta yaba zobe, sannan ta tambaye ni ko na tuna cewa dabbobi biyu kawai aka yarda a ajiye a kowane gida. Na yi dariya, na ce ai ita ce kwamitin, sai ta ɗaga mana ƙafa. Ta ce ba ta isa ba. Sharaɗin ba na kwamiti ba ne, a cikin takardar mallakar gidan yake, yana bin filin duk wanda ya saya, kuma ba a taɓa shi sai kashi biyu cikin uku na masu gidaje sun jefa ƙuri'a. Na san na sa hannu, ban musa ba. Amma ranar da na sa hannun ina da miji a raye da kyanwoyi biyu, wa ya zauna yana lissafin yadda zai yi in ya sake aure da furfura?

To, ga inda Wendell ya fara ƙure ni. Dabararsa ta farko wai mu yi shiru, kyanwa ba ta haushi, ba ta fita, wa zai sani? Na ce masa Otis ya fi kowa a layinmu sanin wanda ya shiga da wanda ya fita, don a kan taga yake wuni. In rufe labule ke nan har ƙarshen rayuwata, in riƙa ɓoye kwanon abinci duk lokacin da aka danna ƙararrawa, sai ka ce mai sayar da kayan sata? Kuma duk unguwar nan an san dabbobinmu da sunayensu. Dabararsa ta biyu wai in kai kyanwoyin wajen 'yata Denise a Denver, alhali ya san mijinta ko a hoto ya ga kyanwa sai ya yi atishawa. Da na ce to me zai hana Biskit ya koma wajen ɗan Wendell, mai fili da yara, sai mutumin nan ya ajiye cokali, ya ce tuwon dankalin ya yi daɗi, ya ɗauki hularsa ya tafi. Kwanaki ya yi yana gaishe ni kamar ma'aikaciyar banki.

Na ce bari in gwada ta hanyar da ta dace. Na sa aka saka maganarmu a taron kwamiti na wata, na yi kwalliya, na tashi na yi bayani tsakani da Allah: dabbobin nan duk tsofaffi ne, ba ƙaro wasu za mu yi ba, gidaje biyu ne za su zama ɗaya, ko jela ɗaya ba za ta ƙaru a unguwar ba. Na ga mutane suna gyaɗa kai, har na fara sa rai. Sai Leonard Dombrowski ya miƙe. Dattijo ne da ke bayan layinmu, wanda ƙanwarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce ta bar masa karenta, ya zama yana da uku. Kwamitin nan ne ya matsa masa da gargaɗi da tara har ya ba da karen ga wasu mutane a can Prescott. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni ma a ɗakin nan na tsaya na roƙa, babu wanda ya miƙo min ko hankici. In an yafe wa amarya, a gaya min laifin da ƙanwata ta yi." Ya zauna. Malama Corinne, na so ƙasa ta tsage in shige, kuma duk da haka na ji haushinsa, don ba ni na raba shi da karen ba.

Daga nan taro ya watse ba tare da kowa ya tashi ba. Wani ya tambaya ko kifin cikin kwalba yana shiga lissafi. Wata mai kunkuru ta ce nata ba dabbar gida ba ne, ɗan asalin hamada ne, ita ce baƙuwa a wajensa. Aka koma gardamar kashin kare a filin golf, wadda ake yi tun kafin in zo unguwar. A ƙarshe Phyllis ta buga tebur ta ce an ɗage maganar sai kaka, tunda rabin masu gidajen 'yan gudun sanyi ne, da Afrilu ta kama za su kwashe su koma arewa, ba za a samu ƙuri'ar da ake bukata ba. Duk wannan abin ina Wendell? Yana can baya kusa da teburin kofi yana cin biskit ɗin da aka kawo. Ko tari bai yi ba. Da muka fito na tambaye shi, ya ce ya ga ina yi da kyau ne bai so ya ɓata min.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wanda ya faru makon jiya. Na sami Wendell a gareji yana goge Manjo, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, mu ɗan jira, da wuya tsohon karen ya ga bayan zafin bana. Ya faɗa ne yana share ido da bayan hannu. Washegari Manjo ya ƙi cin abinci, ni kuma na ji wani abu mai kama da sauƙi ya ratsa zuciyata. Karen da yake ɗora haɓarsa a gwiwata. Na koma gida na rasa inda zan sa kaina don kunya. Kuma abin takaicin, ko da Manjo ya mutu, uku za su rage, har yanzu mun haura.

Yanzu Denise tana cewa in fasa auren, wai namijin da ba zai ba da kare ɗaya saboda ni ba ya nuna min matsayina. Ɗan Wendell yana ta bugo waya wai ya samo masu son gidan uban. Fasto yana tambayar ko a buga katin gayyata. Phyllis kuwa ta koma zama a wancan gefen a wajen waƙa. In bi Wendell mu ɓoye kyanwoyin? Mu sayar da gidajen duka mu bar unguwar da duk wanda na sani yake cikinta? Ko Denise ce ke da gaskiya? Na gaji, wallahi na gaji.

Amarya Mai Furfura,
Arizona

*

Ya ke Amarya,

Da farko ki sauke kayan kunyar nan a kan Manjo. Mutumin da aka matse shi zuciyarsa takan leƙa kowace ƙofa, har wadda ba zai taɓa shiga ba. Abin da kika yi bayan tunanin ya zo shi ne halinki. Ki kai shi likita a duba dalilin ƙin cin abincin, ki daina yi wa kanki shari'a.

Maganar ɓoyewa ki binne ta. An riga an tattauna zancenku a gaban jama'a, duk wanda ya wuce ta ƙofarki zai ɗaga kai ya dubi taga. Za a kama ku, za ki rasa Phyllis gaba ɗaya, kuma ranar da kika dawo neman ƙuri'a babu mai saurarenki. Ita Phyllis ɗin ma ki sassauta mata. Sharaɗin da ke cikin takardar gida ba kayan gadonta ba ne da za ta yi kyauta da shi, kuma maƙwabtanki da yawa sun sayi gidajensu ne saboda irin waɗannan sharuɗɗa, suna da haƙƙin a tambaye su. Ki koma ki zauna kusa da ita a coci tun kafin abin ya yi tsami.

Abin da na ga kin tsallake shi ne, takardar dabbobi take ƙirgawa a kowane gida, ba ta ce ga inda miji zai kwana ba. Kuna da gidaje biyu a unguwa ɗaya. Ku ɗaura aurenku a ranar da kuka sa, karnuka su zauna a adireshinsu, kyanwoyi a nasu, ku biyun ku riƙa kai-komo a motar golf. Ba shi ne zaman da kika yi mafarki ba, kuma riƙon gida biyu yana da nauyi, sai ku zauna ku duba ko za ku iya na shekara ɗaya. Ɗan Wendell ya yi haƙuri, gidan na ubansa ne. Kafin nan ki kai takardar wajen lauyan da ya san harkar gidaje ya karanta miki ita kalma-kalma: me ake nufi da ajiye dabba, ko ziyara ta halatta, kuma ko ana iya jefa ƙuri'a ta gidan waya. In ana iya, tafiyar 'yan gudun sanyi ba ta hana komai ba.

Sannan ki canza roƙon. Kin je neman alfarma ke kaɗai, shi ya sa Leonard ya miƙe, kuma gaskiya ya faɗa. Ki nemi a gyara sharaɗin ga kowa: wanda aure ko rasuwa ta haɗa shi da dabbar da ta haura ƙa'ida ya riƙe ta har ƙarshen ranta, ba tare da ya maye gurbinta ba. A unguwar da kowa ya haura hamsin da biyar, babu gidan da wannan ba zai iya faɗa wa ba, kuma mutane sun fi saurin jefa ƙuri'a in sun hango kansu a ciki. Ƙofar farko da za ki ƙwanƙwasa ita ce ta Leonard. Ki je ki tambaye shi sunan karen ƙanwarsa, ki saurare shi har ya gama. Ko ya sa hannu ko bai sa ba, an daɗe da cin bashin wannan ziyara.

Saura Wendell. Ban yarda da Denise ba, amma ban wanke shi ba. Ya yi kyauta da kyanwoyinki cikin sauƙi, ke ma kin yi kyauta da Biskit cikin sauƙi, kowa ya miƙa abin da ba nasa ba. A nan kun yi canjaras. Inda ya gaza shi ne barin ki ke kaɗai a gaban taro da kuma ɗaukar hula in magana ta yi zafi. Ki gaya masa ƙarara, ba da fushi ba, cewa babu dabbar da za a bayar, nasa ko naki, amma zagayen neman ƙuri'a tare za ku yi, gida-gida, kuma shi zai fara magana a rabin ƙofofin. Mutum ne mai gyara, ki ba shi aikin da hannu zai kama. In ya bi ki, kin samu amsarki. In ya sake zama kusa da teburin kofi, to ki dakatar da katin, don a lokacin matsalar ta tashi daga kan dabbobi.

Ina kyautata zaton zai bi ki. Namijin da ke kuka a gareji saboda tsohon kare ba mai saurin yar da abin da yake ƙauna ba ne, kuma a shekarunmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki ce wa fasto ya buga katin da zarar kun gama layin farko.

Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya, ku shidan duka.

Corinne