Rasidin Kaji a Kan Rufin Gidan Mama

San Fernando, 6 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Verlyn,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da Mama kuna lafiya. Labarin ba daɗi. Kin san kafin Baba ya rasu ya sa gidanmu na Toco cikin amanar da ba a warwarewa, ya naɗa ni mai kula. Ba a sayarwa, ba a jinginarwa, hayar ƙasan gidan ce ke ciyar da Mama. Na nemi ofishin haraji su cire kuɗin gyaran rufi daga abin da za su caje mu, sun ƙi. Na tambaye ki rasidin aiki, kin aiko min na kaji goma sha biyu da buhun shinkafa da kwakwa! Idan ba su karɓa ba kafin ƙarshen wata, dole mu ba da saman gidan haya shi ma, Mama ta dawo wurina.

Yayanki, Carlyle

Toco, 11 ga Mayu

Yaya Carlyle,

Muna gaishe ka, kai da ƙatuwar jakar takardunka. Wallahi ka ba ni haushi. Birni ya mantar da kai yadda ake rufi a Toco? Gayya muka yi! Wa ya taɓa ba Ignatius kafinta kuɗi a ranar gayya bai zage shi ba? Maza goma sha huɗu suka hau sama, ni na tsaya kan tukunyar pelau, dafa-dukarmu ta shinkafa da kaza. Kajin nan su ne ladan aikin. Mama ta ji zancen tashi, ta ce: "Shekara hamsin ina kallon teku daga tagar nan, sai dai a fitar da ni a kwance." Ba ta ci abinci ba ranar. Ka turo min sunan jami'in, ka bar min sauran.

Ƙanwarka, Verlyn

Toco, 24 ga Mayu

Yaya, ka zauna kafin ka karanta!

Na cika mota da duk mutanen gayyar, muka dira ofishin. Jami'ar, wata Madam Pouchet, ta ɗago tabarau ta ce: "Baiwar Allah, zanga-zanga ce?" Na ce: "A'a ranki ya daɗe, rasidaina ne suka zo da ƙafarsu." Ignatius ya baje hannuwansa a teburinta, ya lissafa kwanon da ya buga ɗaya bayan ɗaya. Tsoho Cuthbert ya ce shi cinya biyu kawai ya samu, a rubuta a hukunta ni. Matar ta yi dariya har da hawaye. Ta sa kowa ya rubuta aikinsa ya sa hannu, ta haɗa da hotunan rufin, ta buga hatimi. An karɓa, Yaya! Mama na nan a ɗakinta. Murna kamar in tashi sama.

Taka, Verlyn

San Fernando, 28 ga Mayu

Verlyn,

Na gaishe ki, na kuma sara miki. Akwai abin da na ɓoye: tun kafin wasiƙata ta farko na yi wa wani malamin makaranta alkawarin ɗakin Mama. Yau na je na ba shi haƙuri, kunya ta ishe ni. Ina zuwa Asabar in faɗa wa Mama da bakina.

Yayanki, Carlyle