Jan Akwatin Gargaɗi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah Ya sa kana lafiya, Ya kuma sauƙaƙa maka karatu. Mu nan kalau muke. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago, Inna kuwa kullum sai ta tambaya ko kana cin abinci.

Yaya, aikin maɗaba'ar da ka bar mini ya kusa kuɓuce mini. Ka tuna dokokin salon da ka rubuta wa kwamfuta, masu mayar da takardun XML, wato rubutun da ba a tsara ba tukuna, su zama shafin littafi? Kowane nau'in rubutu da sunansa kake kama shi: in doka ta ga "gargaɗi", sai ta sa shi a jan akwati. To, masu kamfanin murhun gas da muke buga wa littafin bayani sun ƙirƙiro sabon nau'i, "gargaɗin gobara", wanda ya gaji komai daga gargaɗi, suna kawai ya bambanta. Dokarka ba ta san shi ba. Gwajin littafinsu ya fito, maganar yoyon gas tana kwance cikin ƙananan haruffa kamar sauran bayani. Oga ya ce in ba a gyara ba kafin su dawo, zai nemo wani ya ba shi wurina. Wallahi na tsorata.

Na so in ƙara sabon sunan a dokar in huta, sai na ga gobe ma za su haifo wani. Don haka na sa ta daina tambayar suna, ta riƙa duba asali: duk nau'in da ya fito daga gargaɗi, ɗa ne ko jika, ya shiga akwati. Na gobara na ba shi tasa dokar a gaba, ta sa alamar wuta, sannan ta miƙa sauran aikin ga dokar uban, wato ta gargaɗi. Da suka dawo sun zo da wani nau'in ba sanarwa, shi ma ya faɗa akwati da kansa.

Oga ya ce in ci gaba da riƙe maka kujera har ka dawo. Na ce masa da ladabi ba riƙo nake yi ba, tawa ce. Kai ma ka ji, in za ka dawo ka taho da taka.

Ka gaishe da Kawu da Gwaggo. Baba da Inna da Auta suna gaishe ka.

Taka,
Ƙanwarka