Takarda a Rawanin Alhaji Mato

Belbeji, ranar Talata

Ɗiyata Radiya,

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, da karatu, da innarki Balki da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Kin san abin da ya same ni daminar bara. Takardun shaidar dabbobi da na buga wa makiyayan ƙungiyarmu, rubutun ya narke tun ba su yi nisa ba. Haris, ɗaya daga cikinsu, ya kai shingen bincike da shanunsa, ya zaro takarda, ko sunansa ba a iya karantawa ba, aka tsare garken. Har yau in ya gan ni sai ya ce ga sakatare mai rubutu da shuni. An gaya mini a gaban kowa, in aka sake, za a nemi wani sakataren.

Yanzu tsohon injin ya mutu, za a sayo sabo a Damagaram. Shugabanmu Alhaji Mato ya kafe sai mai kala, don ya ga hoton wani da raƙuminsa an manna a bango. Ni dai ina son inji ɗaya da zai buga, ya yi fotokofi, ya kuma shigar da takarda cikin kwamfuta, don biron namu, wato ofishin ƙungiya, teburi ɗaya ne. Ke kike lise, babbar sakandare, a Tanut. Tambayo mini waɗanda suka sani.

Kawunki,
Attahir

Tanut, ranar Asabar

Zuwa ga Kawu Attahir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, na samu wasiƙarka. Inna tana gaishe ka.

Kawu, akwai shagon fotokofi kusa da makarantarmu, na wata mata, Anti Zuhaira. Na yi ta wucewa ta ƙofar ban iya shiga ba, har ita da kanta ta kira ni, ta ce ko na ɓatar da wani abu ne a gaban shagonta. Da na yi mata bayani, sai ta ba ni kujera.

Tana da inji biyu. Mai kalar yana aiki da tawada ta ruwa. Ta ce irinsa ne naku na da. In ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, tawadar takan bushe a ciki saboda zafi. Ɗayan ana ce masa laza, baƙi kawai yake bugawa. Abin da ke cikinsa gari ne, zafi ke manna shi a takarda. Yana yin ayyuka ukun da ka ce. Amma ta ce ku kula da abu biyu kafin ku saya: yana jan wuta sosai lokacin da ya tashi, sai a duba ko solarku za ta ɗauka, kuma kada ku ɗauki wanda ba a samun garinsa a Damagaram.

Ina dawowa gida na tuna da Kaka. Bai taɓa sa takarda a aljihu ba, a rawani yake cusa ta, kamar duk mutanenmu na daji. Ina ganin ba ruwan sama kaɗai ya ɓata takardar Haris ba, har da zufa. Don haka na roƙi Anti ta buga mini takarda biyu, ɗaya a kowane inji. Na sa sunan Alhaji da manyan baƙaƙe, don ya ga yadda kowanne ke fitowa. Ga su cikin ambulan. In ya gama gani, ka ba wani mai rawani ya wuni da su a kansa.

Don Allah kada ka ce ni na ce. Ka gafarce ni in na yi shisshigi.

Ɗiyarka mai biyayya,
Radiya

Belbeji, ranar Laraba

Radiya,

Gaisuwa. Zan taƙaita, don raina ba a kwance yake ba.

Na nuna wa Alhaji takardun. Da ya ga sunansa da ja da kore, ya ce ba wanda zai ƙara taɓa su. Ya naɗe duka biyun ya cusa a farin rawaninsa, wanda yake zuwa ɗaurin aure da shi, ya hau mota zuwa kasuwar Tenhya. Ni kuwa bakina ya yi nauyi, wa zai ce wa Alhaji zufarsa ake son gwadawa?

Wani da ya dawo daga can ya ce da azahar ana cikin cinikin raƙumi sai wani kore-kore ya fara gangarowa a goshin Alhaji. Dillalin ya tambaye shi ko sabon magani ne. Kasuwa ta yi ta dariya. Tun da Alhaji ya dawo bai leƙo biro ba, bai amsa gaisuwata ba, sai aike da ya yi cewa a taru ranar Juma'a bayan masallaci. Ki yi mini addu'a.

Attahir

Tanut, ranar Alhamis

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri, Kawu, tun da na karanta wasiƙarka na kasa cin abinci. Inna ta ce in daina kuka, rawani ai wankuwa yake.

Na fasa abin da na roƙa. In Alhaji ya tambaya, ka ce ni ce na aiko da takardun. Ni yarinya ce, faɗa kawai zai yi mini, kai kuwa aikinka ne. In ana so, zan zo in durƙusa a gabansa, ko da ban san ko maganar za ta fito ba.

Abu ɗaya kawai ba ka faɗa ba. Takarda biyu ya sa a rawanin. Yaya ɗayar ta yi? Don Allah kafin a yanke hukunci, ka roƙe shi ya buɗe ta a gaban mutane.

Allah ya sa mu ji alheri.

Ɗiyarka,
Radiya

Belbeji, ranar Litinin

Ɗiyata,

Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ina jiran abin da zan rubuto da shi ne.

Ban ma roƙe shi ba. Alhaji ya zo taron da rawanin nan bai wanke ba, ya shimfiɗa takardun a tabarma. Baƙar ta yi laushi, amma kowane harafi yana nan. Ya ce, "Na gwada muku da kaina, a kaina. Wanda ya ƙara yi mini maganar kala, ya saya mini rawani." Haris ne ya fara cewa madalla.

An duba sola, tana ɗauka, har an sayo laza a Damagaram. Na gaya wa Alhaji ke ce kika aiko da takardun. Ya ce in an yi hutu ki zo ki nuna mana maɓallan, kuma ba sai kin yi magana da yawa ba.

Wannan ce takarda ta farko da sabon injin ya buga. Ki jiƙa ta ki gani.

Kawunki, har yanzu sakatare,
Attahir