Rabin Kilo

Charleville, watan Maris

Zuwa ga Yaya Narelle,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Gavin da yara. Yaya ƙafar Gavin, ta warke?

Na soma aiki a bargar Mista Pruitt, mai horar da dawakin tsere. Ya ba ni wata jar goɗiya, Tansy, mai cizon kowa amma ni tana lasar mini wuya. Matsalar ɗaya ce, sikeli, don kowane mahayin tsere yana da nauyin da ba a yarda ya haura ba. Kullum da safe sai ya ɗora mu a kai a gaban ma'aikata, ya karanta nauyin kowa da ƙarfi. Ni "buhun dankali" yake kirana. Da na ji haka sai na tuna Baba, ranar da ya buge farantin hannuna ya ce mahayi ba ya ƙari. Ke kika tsince fasassun.

Wani tsohon mahayi, Col, wanda haƙoransa duk sun zube, ya ja ni gefe. Ya ce, "Yarinya, wa ya ce ki kashe kanki da yunwa? Ki ci abinki, ki amayar. Duk haka muka yi." Na gwada. Kada ki damu, sai ranar tsere kawai nake yi.

Ki shafa mini kan yara.

Taki ƙanwa,
Keely

Charleville, watan Yuli

Yaya Narelle,

Ina gaishe ki. Na ga kiranki, ban ɗauka ba ne don muryata ta dishe, kuma na san za ki gane.

Abin ya wuce ranar tsere. Sai in wuni ruwa kawai na kurɓa, da la'asar kuma wani abu ya taso mini kamar mahaukacin kare. In tsaya a gidan mai in sayi kaza guda, soyayyen dankali, kek, madara, in cinye a cikin mota hannu baka hannu ƙwarya, ko ɗanɗano ba na ji. Daga nan sai banɗaki, in zura yatsu a baki in amayar. Bayan hannuna duk tabon haƙorana ne. Shekaranjiya na ga jini.

Ranar Asabar na haura nauyin da aka ƙayyade mini da rabin kilo. Pruitt ya zaro bulalar doki ya zabga mini a cinya, ya ƙara, sannan ya shaƙe ni ya haɗa kaina da bangon barga. Ya ce, "Da kuɗina za ki yi ƙiba, 'yar banza?" Ya sa aka naɗe ni da leda, ya tura ni cikin mota a rana, ya kunna na'urar ɗumama ta, ya kulle. Ina dukan gilashi, Col na tsaye yana kallon ƙasa. Da aka buɗe, rabin kilon ya tafi, kuma wallahi Yaya, murna na yi. Wannan murnar ta fi bulalar ba ni tsoro.

Kada ki gaya wa Baba. Zai ce Pruitt ya san aikinsa.

Taki,
Keely

Toowoomba, watan Satumba

Yayata,

Da fatan kuna lafiya. Daga asibiti nake rubuto miki, jirgi ne ya kawo ni. Ƙafata ta karye wuri biyu, haƙarƙari ma haka.

Ranar tseren na yi amai sau uku kafin in hau. Muna kwanar ƙarshe Tansy na gaba, sai filin ya yi mini fari fat, hannuna ya saki linzami. Na faɗa wuyanta, ta yi tuntuɓe, dawakin baya suka bi ta kanmu. Na ji ƙarar ƙashinta kafin nawa. Tana ta ƙoƙarin miƙewa a kan ƙafar da ke lilo, tana haniniya. Suka kafa labule, likitan dabbobi ya gama da ita ina kwance kusa, bakina cike da ƙasa da jini.

Pruitt ya zo dubiya da furanni. Ya ce, "Ki kula da abincin nan nasu, kwanciya na sa ƙiba." Na ɗauki butar ruwan da ke gefena na kwaɗa masa a fuska, hancinsa ya fashe. Ya ce zai kai ni ƙara. Na ce ya kai, akwai tabon da zan nuna wa alƙali.

Likita ta ce wannan ci da aman nawa ciwo ne mai suna bulimiya, ba kwaɗayi ba ne, ba kuma rashin hankali ba. Ta ce yunwar da nake tara wa jikina ce ke fashewa, kunya ta sa in amayar, sai a koma gidan jiya. Amai ya kwashe gishirin jinina, zuciyata ta kusa tsayawa a kan sirdi. Ta tambaye ni yaushe na fara tsoron abinci. Sai farantin nan da Baba ya buge ya faɗo mini a rai.

Duk da haka, jiya bayan abincin rana na sauko daga gado da karyayyar ƙafa, na ja ciki zuwa banɗaki. Ma'aikaciyar jinya ta tare ni, na cije ta a hannu.

Za su sallame ni ƙarshen wata. Ina roƙonki ki zo ki tafi da ni gidanki. In na ci abinci ki zauna da ni, ki riƙe makullin banɗaki. Zan zage ki, zan ce na tsane ki, wataƙila in kai miki duka a gaban yaranki. Ki riƙe shi dai, Yaya.

Ƙanwarki,
Keely