Takwarar da Girkawa Suka Ƙwace

Lahadi da dare, 17 ga Maris 2013, Paris

Na dawo daga Lyon, har yanzu raina a ɓace yake. Da ƙanena Isufu ya faɗa mini sunan jaririyarsa a waya, Safiya na ji, sunana. Na zaga unguwarmu ta Château Rouge ina shelar an yi mini takwara, har na saya mata 'yan kunnen zinariya.

Sai yau a wurin suna, gaban mata, matarsa ta gyara mini: "A'a, Yaya, Sofiya ce. Girkanci ne, ma'anarsa hikima, a littattafai na samo shi."

Hikima! Girkawa ne suka goya Isufu ko ni?

'Yan kunnen dai na bar mata. Amma Safiya zan riƙa kiranta har ta amsa.