Gishirin Rijiyata

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025
Kwana arba'in da uku da rasuwar matata Tasalla. Ɗanmu Marwan ya zo daga Sakkwato ya kafa na'urarsa a bakin rijiya. Farantin sola ne a sama yana ba da lantarki. Zafin da ke ƙarƙashinsa yana mayar da ruwan rijiya tururi, tururin ya huce ya ɗiga cikin jarka, gishirin ya rage a tire. Na nuna masa farantin ya karkace. Ya gyara. Ban ji komai a raina ba.

Laraba, 16 ga Afrilu
Fankar na'urar tana juyawa. Ruwan jarka ban taɓa ba. Na rijiya nake sha, kamar kullum.

Asabar, 19 ga Afrilu
Ni na zaɓi wurin rijiyar nan a 1983, ina jami'in ruwa a garin Isa. Ni na auna ruwanta, ni na sa hannu cewa ya dace da sha. Tasalla ta kurɓa ta ce, "Malam, ruwanga akwai zartsi." Na ce mata ba da harshe ake awo ba. Shekara arba'in da biyu tana sha. Da likita ya ga hoton ƙodarta, tambaya ɗaya ya yi: wane ruwa take sha? Da Turanci na amsa masa, don kada ta ji.

Talata, 22 ga Afrilu
Na kankare tire. Gishirin kwana takwas ya cika gwangwanin madara. Na ɗauki biro in lissafa na shekara arba'in da biyu. Na ajiye biron.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Matan unguwa har yau daga rijiyar suke ɗiba. Ɗiyata Ruƙayyatu ta ce, "Baba, a fidda ruwan jarka waje su sha, ladan ya kai ma Inna." Na ce rijiyar ba ta da aibi, takardar awo tana nan cikin akwati. Ta ce, "To Baba, mi kake tarawa cikin gwangwani?" Na tuna mata lokacin la'asar ya yi.

Lahadi, 4 ga Mayu
Randar Tasalla tana cin wuri a tsakar gida, shi ya sa na fitar da ita ƙofa. Randa ba ta zama wayam, sai na zuba ruwan jarka na ɗora moɗa. Yari makiyayi ya sha, ya ce, "Malam, wanga ruwa na wa?" Na ce na Tasalla ne.

Gugan rijiya ya tsufa. Na cire shi. Ban yi maganar sabo ba.

Na kurɓi ruwan randar sau ɗaya, don dubawa kawai. Babu zartsi. Gobe za ni sake cikawa.